Tambayoyi da Amsoshi kan Lissafin Wutar Kewaye a Jikin Ƙarfe da Hanyar FEM

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan dawowa daga ɗaliban injiniyan lantarki na Jami'ar Jos da na kwalejin fasaha ta Barikin Ladi, musamman idan lokacin furojet ya ƙarato, da kuma daga masu naɗin kwayil da gyaran taransifoma na cikin gari. Duk sun shafi wutar kewaye da lissafinta a kwamfuta da hanyar FEM (Finite Element Method), wato yanka abu ƙanana-ƙanana a lissafa a tara. An jera su daga masu sauƙi zuwa masu nauyi. Mai gaggawa ya fara da amsa ta 3, domin yawancin sauran a kanta suka jingina.

1. Mece ce wutar kewaye, kuma a ina mutum zai gan ta da idonsa?

Duk lokacin da filin maganaɗisu ya canza a jikin abin da ke ɗaukar lantarki, sai boltej ya taso a cikinsa. Michael Faraday ne ya gano haka a 1831. Idan abin siririyar waya ce, hanya ɗaya wutar ke da ita. Idan kuwa dunƙulen ƙarfe ne, sai ta yi wa kanta hanya, ta riƙa zagaye a cikin naman ƙarfen ba ta fita ko'ina. Ita ce wutar kewaye, wadda ake ce wa edi-karent a aji. Hali biyu gare ta: tana haifar da zafi, kuma bisa ƙa'idar Lenz ta 1834 kullum tana adawa da canjin da ya haife ta. Léon Foucault ya nuna duka biyun a 1855, da ya juya faifan jan ƙarfe tsakanin bakunan maganaɗisu, faifan ya yi nauyin juyawa ya kuma ɗau zafi.

Wanda ya tashi a gida mai tsohuwar mitar NEPA mai faifai ya riga ya gan ta a bakin aiki. Babu wayar da ke taɓa faifan alminiyam ɗin nan. Kwayil biyu ne, na boltej da na karent, ke tayar da wutar kewaye a jikinsa, ita kuma ta tura shi. A gefe akwai ɗan maganaɗisun da faifan ke ratsa bakinsa; shi ma wutar kewaye yake tayarwa, sai dai tasa birki ce, don kada faifan ya yi gudun da ya fi wutar da aka sha.

2. Me ya sa ba a yi wa taransifoma zuciya da dunƙulen ƙarfe guda?

Domin da ta dahu. Ana yanka ƙarfen falle-falle, a shafa wa kowane falle ɗan rufin da ke hana wuta tsallakawa, sai hanyar zagayen ta ƙuntata. Asarar da ke cikin falle tana tafiya da murabba'in kaurinsa, da murabba'in firikwansi, da murabba'in ƙarfin maganaɗisu B. Ka sauko daga kaurin milimita 0.5 zuwa 0.35, asarar ta koma kusan rabi. Shi ya sa fallen taransifomar rarraba wuta ke tsakanin milimita 0.23 da 0.35, kuma ake zuba wa ƙarfen silikon kamar kashi 3 cikin 100 don ƙara masa turjiya.

A nan masu naɗin kwayil ke yin ɓarna ba su sani ba. Moto ya ƙone, a ɗora shi kan gawayi har ya yi ja don tsohuwar waya ta saki, sannan a bi ramukan da kurfi da guduma. Wutar ta cinye rufin da ke tsakanin fallayen, gudumar ta haɗe bakunansu. An naɗa sabuwar waya tsaf, adadin zagaye daidai, amma moton na zafi ko ba a ɗora masa kaya ba. Kafin ka naɗa, zagaya kebul 'yan zagaye ta cikin ramin zuciyar, ka ba shi wuta na ɗan lokaci, ka kashe, sannan ka bi haƙoran da tafin hannu. Inda ya fi ko'ina zafi, nan fallayen suka haɗe.

3. Mene ne zurfin ɓawo, kuma me ya sa ake cewa a fara da shi?

Wutar da ke juyawa ba ta ratsa ƙarfe gaba ɗaya. Wutar kewayen da ke tasowa a sama-sama tana kare na ciki, sai karent ya taru a ɓawo yana raguwa yayin da ake nutsawa. Zurfin da ya ragu zuwa kashi 37 cikin 100 shi ne zurfin ɓawo, ana rubuta shi δ = √(2 / ωμσ). A nan ω shi ne 2π sau firikwansi, μ shi ne yadda ƙarfen ke karɓar maganaɗisu, σ kuma yadda yake ɗaukar lantarki. A zurfin δ uku karent ya koma kashi 5, kuma kashi 86 na zafin duk a cikin δ na farko yake.

Ga lambobin da ya kamata su zauna maka a ka. Wutar Nijeriya 50 Hz ce. A kanta jan ƙarfe, mai σ na 5.8 × 10⁷, yana da δ na milimita 9.3, alminiyam kusan 12. Ga jan ƙarfe akwai gajeriyar hanya: raba 66 da tushen firikwansi, ka sami δ a milimita, wato 0.47 a 20 kHz na cikin inbata. Baƙin ƙarfe kuwa wani abu ne daban. Bai kai jan ƙarfe ɗaukar wuta ba ko kusa, amma idan μ ɗinsa ya ninka na iska sau 1,000, σ kuma 5 × 10⁶, to δ milimita ɗaya ne kacal a 50 Hz.

Kwatanta wannan lamba da kaurin abin da ke gabanka. Wayar gida mai 2.5 mm² ba ta kai milimita ɗaya ba daga tsakiya zuwa baki, don haka ɓawo bai shafe ta ba, kada ka ɓata lokacin kwamfuta. Sandar jan ƙarfe mai faɗin milimita 20 turjiyarta na ƙaruwa da ƙasa da kashi 3. Mai milimita 40 kuwa da kusan kashi 32. Daga δ ake sanin girman raga, wato ƙananan yankunan da ake yanka abu don kwamfuta (amsa ta 4 da ta 8), da ko za a yi ragar ma (amsa ta 9), da ko sakamakon ya yi kama da gaskiya (amsa ta 15). Ɗalibin da ya buɗe manhaja bai lissafa δ a takarda ba, ni dai ba na duba hotonsa.

4. To ita hanyar FEM mece ce?

Gonar da ta bi gefen rafi ta lanƙwasa ta bayan dutse ba a auna ta da tsawo sau faɗi. Yanka ta ake yi alwatika-alwatika, a auna kowace, a tara. Haka FEM take. Ana yanka siffar ƙarfen da iskar da ke kewaye da shi zuwa ƙananan yankuna, tarinsu shi ne raga. A cikin kowane yanki ana ɗauka cewa filin yana canzawa cikin sauƙi, misali a miƙe, daga ƙulli zuwa ƙulli. Sai a tilasta wa yankunan su yarda da juna a iyakokinsu, su kuma bi ƙa'idojin Maxwell gwargwadon iko. Abin da ke fitowa shi ne dubban lissafai masu haɗe da juna, kowane ƙulli yana magana da maƙwabtansa kaɗai, irin aikin da kwamfuta ta iya.

Richard Courant ya kawo tunanin a 1943. Masu ƙera jirgin sama a Amurka suka ɗauke shi a shekarun 1950, Ray Clough ya raɗa masa suna a 1960. Peter Silvester na Jami'ar McGill a Kanada ya shigo da shi fagen lantarki wajen 1969, shi da M. V. K. Chari suka yi aiki da shi kan injinan wuta, kuma a 1974 Chari ya warware matsalar wutar kewaye da shi.

5. Ba za a iya yi da hannu ba?

Ana iyawa idan siffar mai sauƙi ce: faranti mai faɗi, sanda zagayayya, ko jerin naɗi irin wanda Dowell ya yi wa lissafi a 1966. Da zarar an sami kusurwa, rami, sandunan basba (sandunan rarraba wuta a fanel) uku a jere suna tura wa juna karent gefe guda, ko ƙarfen da ya ƙoshi da maganaɗisu, hannu ya gaza. Amma kada ka yar da lissafin hannun, da shi za ka kama kwamfuta idan ta yi ƙarya.

6. Wane lissafi kwamfutar ke warwarewa a zahiri?

Ana fara da yar da wani ɓangare na ƙa'idojin Maxwell, wato karent ɗin da canjin filin lantarki ke haifarwa. A jan ƙarfe a 50 Hz, σ ya ninka ωε (ε shi ne yadda abu ke karɓar filin lantarki) sau kusan 10¹⁶, don haka ba a yi asarar komai ba. Sannan maimakon a nemi B kai tsaye, sai a nemi wani abu A wanda B = curl A, domin hakan na tabbatar da cewa layukan maganaɗisu ba su da farko ba su da ƙarshe. A cikin ƙarfen ana ƙara V na boltej. Lissafin ya zama curl(ν curl A) + σ(jωA + grad V) = J na tushe, inda ν kishiyar μ ne. Wannan shi ne tsarin A-V, kuma shi ne a ƙarƙashin yawancin manhajoji.

Harafin j ɗin nan yana nufin amsar na da ɓangare biyu, girma da jinkiri. Karent na can ciki ba raguwa kawai yake yi ba, yana kuma makara, har a zurfin δ sau π yana tafiya kishiyar na sama. Idan ka ga haka a hotonka, ba kuskure ba ne. Akwai kuma tsarin T-Ω da ke neman filin H, wato ƙarfin da ke tayar da maganaɗisu. Yana da ƙarancin lambobi a cikin iska, amma yana da tarkonsa (amsa ta 12).

7. Malam, 2D ya isa, ko dole sai na yi 3D?

Fara da 2D ko da a ƙarshe 3D za ka yi. Idan abin dogo ne kuma yankansa iri ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, kamar basba, kebul ko tsakiyar moto, 2D na fili ya wadatar. Idan zagayayye ne, kamar kwayil a kan sanda ko tukunya a kan murhun indokshan, yi 2D mai juyawa a kan gindi guda. A duka biyun A lamba ɗaya ce a kowane ƙulli, tsohuwar laftof ma za ta gama cikin daƙiƙoƙi.

Sai dai 2D na fili yana ɗauka cewa karent yana shiga takarda ya tafi har abada. Ƙarfen da ba a haɗa shi da komai ba, misali murfi ko guntun maganaɗisu, dole jimillar karent ɗinsa ta zama sifili, abin da ya tafi ta gefe guda ya dawo ta ɗayan. Kai za ka gaya wa manhajar haka. A manhajar FEMM (amsa ta 13) sai ka ba kowane irin wannan ƙarfe da'irarsa mai amfiya sifili. Tarko na biyu: idan ka zana zuciyar moto ka ba ta σ na ƙarfe ba ka ce falle-falle ce ba, dunƙule ka zana, kuma asarar da za ta fito ta ban tsoro ce. 3D na zama dole ne idan ƙarshen abin ne ke damunka: zoben ƙarshen rota, bangon tankin taransifoma kusa da kan naɗi, ko faranti mai rami.

8. Yaya ƙanƙantar ragar ya kamata ta kasance?

A cikin δ na farko a sami aƙalla yanki uku idan yankunan masu miƙaƙƙen layi ne, irin na FEMM; idan masu mataki na biyu ne, biyu na iya isa. A ci gaba da haka har zurfin δ biyu ko uku, daga nan a bar ragar ta buɗe. Manhaja ba ta san δ ɗinka ba idan ka bar ta ta saƙa raga da kanta. Siffa take kallo. Za ta cika farantin baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 10 da alwatika masu milimita 5, ta ba ka hoto mai ja da shuɗi gwanin sha'awa, asarar kuwa ta kauce nesa.

Gwajin guda ne: rage girman yankunan ɓawon da rabi, sake gudu, duba jimillar asara. Ta motsa da fiye da kashi 1 ko 2, sake ragewa. Ka rubuta jadawalin nan a cikin furojet ɗinka, adadin yankuna a gefe guda, wat a ɗayan. A ganina ya fi hotuna goma daraja a gaban masu jarrabawa.

9. Idan ɓawon ya yi sirantar da raga ba za ta iya ba fa?

Yi lissafi ka gani. Bangon tanki mai δ na milimita ɗaya yana son yankuna masu milimita 0.3. Murabba'in mita ɗaya kaɗai zai ci sama da miliyan 11 a shimfiɗa guda. Mafita biyu ce. Ko ka yi yankuna masu faɗi amma sirara, jere-jere a bin bango, ko kuma ka ƙi shiga cikin ƙarfen sam, ka ɗora masa sharaɗin turjiyar sama, Z = (1 + j) / σδ. Wannan na aiki idan kaurin ƙarfen ya ninka δ sau da yawa kuma lanƙwasarsa ta fi δ girma sosai. A kaifin kusurwa yana ɗan kuskure. FEMM na da shi a cikin jerin sharuɗɗan iyaka.

Ga inda yake amfani ko babu kwamfuta. An kawo kebul uku masu cibiya ɗaya daga babban janareta zuwa fanel, mai haɗawa ya huda wa kowanne raminsa a farantin baƙin ƙarfe. Bayan awa guda fenti na wari, farantin ba ya taɓuwa, alhali kebul ɗin kansa lafiya lau. A ce amfiya 500 ne, a nisan milimita 30 daga tsakiyar kebul H = I / 2πr ya kai kusan 2,650 A/m. A wannan ƙarfi ƙarfen ya fara ƙoshi. Ɗauki μ sau 500, δ ya zama milimita 1.4, zafin kuma H² / σδ, kusan wat 1,000 a murabba'in mita a kowace fuska. Maganin: a bi da dukkan layukan ta rami guda don filayensu su kashe juna, ko a tsaga farantin tsakanin ramukan, ko a sa na alminiyam. Lura cewa 2D mai juyawa na FEMM bai dace da wannan ba, domin shi karent ne ke zagaye a cikinsa, a nan kuwa maganaɗisu ne ke zagaye.

10. Ina zan tsayar da iskar da ke kewaye?

Filin ba shi da iyaka, raga kuwa dole ta ƙare. Abin da aka saba shi ne a zana da'ira mai nisan kamar sau biyar na girman abin, a sa A = 0 a kanta, ma'ana babu layin maganaɗisun da ke fita. Gefen da ka bari ba sharaɗi, manhaja na ɗauka layuka na ratsa shi a tsaye, kamar an jingina shi da ƙarfe mai tsananin karɓa. Waɗannan biyun su ne kuma kayan yanka abu rabi ko kwata idan ɓangarorinsa iri ɗaya ne. Kawai ka tuna ka ninka asarar daga baya. FEMM na da maɓallin da ke gina zobban iyaka masu kwaikwayon sarari marar ƙarshe. Matsar da iyakar ka sake gudu, kamar gwajin amsa ta 8.

11. Firikwansi guda zan yi, ko in bi lokaci daki-daki?

Idan μ bai canzawa kuma wutar tsarkakkiyar igiya ce, firikwansi guda ya isa, warwara ɗaya an gama. Idan igiyar ta gurɓata amma ƙarfen bai ƙoshi ba, warware kowane hamonik, wato igiyar da firikwansinta ya ninka na asali, daban ka tara asarar. Wannan ya shafe mu sosai yanzu da inbata, UPS, cajar waya da fitilun LED suka cika layi. A naɗin da wayarsa ta fi δ siranta, asarar wutar kewaye na tafiya da murabba'in lambar hamonik. Na biyar, 250 Hz, ko da kashi 20 ne kawai na asalin karent, 0.2² sau 25 ya ba da ɗaya cif: ya ninka asarar wutar kewayen naɗin. Taransifomar da mita ke cewa ba ta cika kaya ba amma tana zafi, nan za a fara dubawa.

Idan ƙarfen na ƙoshi, tarawa ta ɓaci, domin B ba ya bin H a miƙe. Manhajoji na da dabarar μ na matsakaici da ke ba da kimantawa, amma amsar gaske sai an bi lokaci, a kowane taki a yi zagayen Newton-Raphson a kan lanƙwasar B-H. Zagaye ɗaya na 50 Hz milisakan 20 ne. Raba shi aƙalla 100, fiye da haka idan akwai hamonik. Kada ka ɗauki asara daga zagayen farko, bari ta lafa. Idan da boltej kake ciyar da kwayil, fara daga ƙololuwar igiyar ba daga sifili ba, in ba haka ba maganaɗisun zai karkata gefe guda ya daɗe bai dawo ba.

12. Na koma 3D, manhajar ta ƙi gamawa ko ta ba da shirme. Me ya faru?

Abu uku ake zargi. Na farko irin yankunan. A 3D, A na da ɓangare uku, kuma idan ka ajiye su a ƙulli ka tilasta musu ci gaba ba yankewa ko'ina, har a iyakar ƙarfe da iska inda ɓangaren da ke ratsa iyakar ya kamata ya sami damar tsalle. Kuskuren na taruwa a kusurwoyin ƙarfe. Maganin shi ne yankunan gefe, waɗanda Jean-Claude Nédélec ya tsara a 1980, Alain Bossavit kuma ya yaɗa su a lissafin wutar kewaye: lambar na zaune a kan gefen yanki, ɓangaren da ke bin iyaka kaɗai ake riƙewa.

Na biyu, A ba shi da amsa guda, domin ka ƙara masa grad na kowane abu B bai canza ba. A cikin iska, inda σ sifili ne, wannan na sa lissafin ya rasa madafa. Ana gyarawa da dabarar bishiya, wadda ke kashe lambobin wasu gefuna, ko a ba iska ɗan σ ƙanƙane, ko a bar mai warwarewa na zagaye-zagaye ya yi aikinsa, da sharaɗin karent ɗin kwayil ya rufe kansa daidai a kan ragar. Kwayil ɗin da karent ke ɓacewa a ƙarshensa ba zai taɓa warwaruwa ba. Na uku ya shafi masu T-Ω: idan ƙarfen na da rami, kamar zobe, dole a yi yanka a ramin, in ba haka ba karent ba zai zagaye shi ba. Gmsh na iya nemo waɗannan yankan da kansa.

13. Wace manhaja zan yi amfani da ita, ga shi ba ni da kuɗin lasisi?

FEMM ta David Meeker kyauta ce, ƙarama ce, 2D kawai, ta Windows ce amma tana gudu a Linux ta Wine, kuma ana sarrafa ta da Lua, Octave ko Python. Ta ishi mafi yawan furojet na digirin farko. Don 3D kyauta akwai Gmsh da GetDP daga Jami'ar Liège ta Beljiyam, da Elmer daga Finlan, da NGSolve. Sun fi wuyar koyo, amma suna nuna maka lissafin a fili. Na kuɗi su ne irin Ansys Maxwell, COMSOL da JMAG, kuma Ansys na da ta ɗalibai mai iyakar girman raga.

Kwafin sata da ake yawo da shi a filasha ban ba da shawararsa ba. Ban da haramci da ƙwayar cutar kwamfuta, ba za ka iya buga sakamakon a mujalla da sunan manhajar ba. Kuma da yanayin wutarmu, aikin da ke gamawa cikin minti biyu ya fi wanda ke son awa shida a kan batirin da ya gaji.

14. Amsata ta ninka ta littafi sau biyu daidai. Ina matsalar?

Kusan kullum rikicin ƙololuwa da r.m.s. ne. FEMM na ɗaukar karent ɗin da ka rubuta a matsayin ƙololuwar igiya, mitar hannunka kuwa r.m.s. take nunawa. Amfiya 100 na mita 141 ne a FEMM. Ka sa 100, asarar ta fito rabi. Ka ninka da √2 a inda ba a so, ta fito ninki biyu. Idan kai ke tara asarar da kanka, J² / 2σ ne ga ƙololuwa, J² / σ ga r.m.s. In bambancin sau 1,000 ne ko miliyan, duba milimita da mita, duba zurfin da ka ba 2D, ka kuma tuna FEMM na karɓar σ a MS/m, wato 58 ga jan ƙarfe.

15. Yaya zan tabbatar cewa sakamakon daidai ne?

Kafin abinka, zana sandar jan ƙarfe mai faɗin milimita 40 a 50 Hz. Dole turjiyar ta fito kusan sau 1.32 na ta wutar batir, kamar yadda amsa ta 3 ta faɗa. Ba ta fito ba, matsalar a hannunka take. Sannan a ainihin aikin, wat ɗin da ke shiga ta kwayil ya yi daidai da jimillar zafin dukkan ƙarafan.

Masu 3D su gwada matsalolin TEAM, jerin gwaje-gwajen da masana fannin suka fara tarawa a shekarun 1980, da yawansu tare da awon ɗakin gwaji. Ta 7 ita ce ta wannan fanni: farantin alminiyam mai milimita 294 kowane gefe, kauri 19, da ramin da ba a tsakiya yake ba, kwayil a samansa, a 50 Hz da 200 Hz. Ramin nan da gangan aka sa shi, don ya kama tarkon da aka ambata a amsa ta 12.

16. Zafi na canza lissafin? Sanyin Jos na taimakawa?

Yana canzawa. Turjiyar jan ƙarfe na ƙaruwa da kashi 0.39 a kowane digiri, daga 20 zuwa 75 kusan kashi 22 ke nan. Abin lura, asarar I²R na hawa da zafi, amma ta wutar kewaye a siririyar waya sauka take yi, tunda σ ya ragu. A aikin narka ƙarfe kuwa, da ya wuce digiri 770 maganaɗisunsa ya tafi, δ ya yi tsalle. Dole a haɗa lissafin wuta da na zafi suna ciyar da juna.

Sanyin gari na taimakawa, amma kada a manta Jos na kan tudu mai kusan mita 1,200, ƙa'idar IEC 60076 kuwa ta ɗauki mita 1,000 a matsayin iyakar aikin taransifoma na yau da kullum. Iskar sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba, ba ta kwashe zafi kamarta. Kada ka kwafi lambar sanyaya daga misalin da aka yi don bakin teku.

17. Idan ƙarfen na tafiya fa, kamar birkin maganaɗisu?

Idan siffar ba ta canzawa da tafiyar, kamar faifan mitar amsa ta 1, ana ƙara σ(v × B) a lissafin ba tare da motsa raga ba. Lissafa μσvh / 2, inda h girman yanki ne a bin tafiyar. Ya wuce ɗaya, amsar za ta fara rawa, layi sama layi ƙasa. Alminiyam a mita 10 cikin daƙiƙa da yanki mai milimita 5 ya riga ya kai 1.1, baƙin ƙarfe kuwa sai yanki mai kusan milimita 0.03. Ko ka ƙanƙanta raga, ko ka kunna dabarar da ke karkata lissafin zuwa inda ƙarfen ke fitowa. Rota mai haƙora dole a bi lokaci a juya ragar.

18. A wurin aiki, zan iya auna asarar wutar kewaye ita kaɗai in kwatanta?

Gwajin taransifoma ba kaya yana ba ka asarar zuciya a dunƙule: ta wutar kewaye haɗe da ta histeresis, wato wahalar juya maganaɗisun ƙarfe gaba da baya. Ana raba su da firikwansi biyu, B na nan yadda yake. Auna a 50 Hz da bolt 230, sannan ka rage gudun janareta zuwa 40 Hz ka saita bariyak (taransifomar da ake ɗaga ko rage boltej da ita) a bolt 184. Raba kowace asara da firikwansinta, ka zana su a kan firikwansi. Inda layin ya yanki gindi shi ne rabon histeresis, gangarensa kuma na wutar kewaye. Da watmita ta gaske za ka auna, ba bolt sau amfiya ba, domin ba kaya yawancin karent ɗin na maganaɗisu ne. Idan ta gefen ƙaramin boltej ka ciyar da taransifomar 11 kV, ɗayan gefen na ɗauke da cikakken boltej ɗinsa. A killace shi, kowa ya ja baya.

Za ka tarar awon ya fi abin da FEM ta ba ka, ko da ragarka ba ta da aibu. Lissafin amsa ta 6 na ɗauka maganaɗisu ya bazu sumul a cikin falle, alhali a zahiri yana tafiya ne yanki-yanki, bangayen yankunan na motsi suna tayar da tasu ƙaramar wutar kewaye. Giorgio Bertotti ya ware wannan a 1988 a matsayin kashi na uku, mai tafiya da firikwansi a ƙarfin 1.5, kuma a ƙarfen taransifoma mai jeren ƙwaya yakan kai asarar da aka lissafa ko ya fi ta. Ƙara da kaifin bakin yanka da mahaɗar kusurwoyi. Don haka ga zuciya, ɗauki B daga FEM ka haɗa da jadawalin wat a kilo na kamfanin da ya yi ƙarfen; ga basba, tanki, faranti da naɗi, inda babu wannan kashi na uku ko bai taka kara ya karya ba, asarar da FEM ta tara kai tsaye ita za ka kwatanta da awo.